Dala 9,000 Don Canja Fanel Ɗaya: Yadda Kamfanonin Kayan Sauti Masu Tsada ke Sabunta Majuyin Sauti

A ranar 20 ga Oktoban 2020 gobara ta tashi a wata masana'anta da ke garin Nobeoka a kudancin Japan, ta yi fiye da kwana uku tana ci kafin a shawo kanta. Masana'antar ta kamfanin AKM ce, kuma abin da ake ƙerawa a cikinta 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ba su wuce farcen yatsa ba, irin waɗanda masu gyaran waya ke kira ayisi. Yawancin mutanen duniya ko labarin ba su ji ba. Amma kamfanonin da ke ƙera kayan sauti, na situdiyo da na falon masu hannu da shuni, hankalinsu ya tashi matuƙa, domin da yawansu a kan ayisin AKM suka gina na'urorinsu. Kamfanin RME na Jamus, alal misali, sai da ya sake zana cikin na'urarsa mai suna ADI-2 DAC don ta karɓi ayisin wani kamfanin daban, wato ESS na Amurka, sannan ya ci gaba da sayar da ita da sunanta na da.

Wannan gobara ta fito da wata tambaya fili wadda masu harkar suka daɗe suna kokawa da ita. Idan mutum ya zuba dubban daloli ya sayi na'ura, alhali zuciyarta ɗan ayisi ne da wani kamfani zai iya daina yi gobe, ko ya fito da wanda ya fi shi baɗi, me za a ce masa? Ya jefar ya sayi sabuwa? Amsoshin da kamfanoni suka bayar sun bambanta, kuma a cikin bambancin nan akwai kimiyya mai daɗi, akwai kuma dabarar kasuwa.

Mene ne aikin na'urar?

Waƙar da ke cikin wayarka, ko karatun da ka sauke daga intanet, jerin lambobi ne zalla. Lokacin ɗaukar sautin, an riƙa auna ƙarfin girgizar iska ana rubuta awon da lamba. A tsarin faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ana yin awon sau 44,100 a kowane sakan, kuma kowane awo yana iya faɗawa kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Wannan shi ake nufi idan an ce "bit 16". To amma lasifika ba ta san lamba ba, wutar lantarki mai hawa da sauka ta sani. Na'urar da ke karɓar lambobin ta mayar da su wutar da za ta motsa lasifika ita ce masu harkar ke taƙaita sunanta da DAC. A nan za mu riƙa ce mata majuyin sauti, ko majuyi kawai.

Akwai majuyi a wayarka, akwai a talabijin, akwai a rediyon mota. Lokacin da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, 'yar igiyar da ya riƙa sayarwa dala 9 a madadinsa, akwai cikakken majuyi a cikinta. Ka riƙe wannan farashin a ranka, domin waɗanda za mu yi magana a kansu wasu sun haura dala 30,000.

Hanyoyin gina majuyi manya guda biyu ne. Ta farko ta yi kama da sikeli mai duwatsun awo: dutse mai nauyi 1, sai mai 2, sai mai 4, sai mai 8, haka har goma sha shida. Da haɗa waɗannan za ka iya fitar da kowane nauyi da kake so. A lantarki, rezisto ne ke tsayawa a madadin duwatsun. Matsalar ita ce babban dutsen dole ya zama daidai ƙwarai da gaske, domin in ya kauce da kashi ɗaya cikin 65,536 na jimillar, kuskurensa ya haɗiye ƙaramin dutsen gaba ɗaya. Ga shi kuma zafi da tsufa suna canja rezisto.

Hanya ta biyu, wadda ake kira dalta-sigma, ita ce ta mamaye kasuwa a yau. Ka ɗauka kana bin mai hatsi mudu biyu da rabi kullum, shi kuma ba shi da ma'aunin rabi. Yau ya ba ka biyu, ya riƙe a ransa cewa da saura, gobe ya ba ka uku, jibi biyu, gata uku. A ƙarshen wata lissafi ya fita daidai. Haka dalta-sigma ke yi: awo ne mai matakai kaɗan, amma sau miliyoyi a sakan guda, tana ɗaukar kuskuren kowane awo tana zuba shi a na gaba. Sakamakon haka kuskuren yana komawa can sama da inda kunne ke ji, wato sama da girgiza 20,000 a sakan, inda za a tace shi a zubar. Tushen dabarar ya tsufa. Na'urorin CD na farko da Philips ya fitar ayisi mai bit 14 ne a cikinsu, amma da ninka saurin awo sau huɗu da wannan wasan tura kuskure, suka yi gogayya da masu bit 16 na Sony.

Ko wace hanya aka bi, ayisin ɓangare ɗaya ne kawai na akwatin. Akwai ƙofar da lambobi ke shigowa, akwai matatar lambobi da ke lissafin cike gurbin da ke tsakanin awo da awo, akwai agogon da ke cewa "yanzu" sau dubbai a sakan, akwai sashen wuta, akwai kuma sashen ƙarshe da ke ƙarfafa siginar kafin ta fita. Agogon nan yana da muhimmanci, domin awo daidai a lokacin da ba daidai ba kuskure ne, kamar makaɗin da ya buga kalangu yadda ya kamata amma ya makara. Saboda haka idan kamfani ya ce ya "sabunta" majuyi, tambayar farko ita ce: wane ɓangare ya taɓa?

Masu sauke fanel

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce ta bakanike: a bar bodin mota, a sauke inji a ɗora wani. Kamfanin Schiit Audio na Amurka, wanda Jason Stoddard da Mike Moffat suka kafa a 2010, a kan wannan ya gina sunansa. Majuyinsa mai suna Bifrost, tun fitowarsa a 2011, an raba cikinsa fanel-fanel yadda za a iya zare na ƙofar USB ko na juya sautin a sa sabo. Babban majuyinsu, Yggdrasil, ya fito a 2015 da wani zaɓi na ban mamaki: sun koma tsohuwar hanyar sikeli, kuma da yake kamfanonin ayisi sun kusa daina yin irinta don sauti, sai suka ɗauko ayisin AD5791 na kamfanin Analog Devices, wanda aka ƙera don na'urorin awo na masana'antu da na asibiti, suka koya masa waƙa.

A 2021 suka yi abin da, a ganina, ya fi komai tona asirin wannan kasuwa. Sun fitar da Yggdrasil kala uku a lokaci guda, akwati iri ɗaya, fanel daban-daban. Akwai na asali, akwai wanda suka raɗa wa More is Less mai ayisi bit 20 da ya fi kyau a na'urar awo, akwai kuma Less is More mai ayisi bit 16 wanda ya fi araha. Sunayen kansu zolaya ce: na farko na cewa yawa ragi ne, na biyu na cewa ragi shi ne yawa. Wato kamfanin ya ƙi cewa ga wanda ya fi, ya bar wa mai saye da kunnensa. Kalmar "sabuntawa" a nan ta tashi daga hawa tsani, ta koma zaɓen ɗanɗano.

Linn na Sikotilan, da ke kusa da birnin Gilasgo, shi ma mai sauke fanel ne, amma da wani salo. Kamfanin ya fitar da Klimax DS, mai ɗauko waƙa ta hanyar sadarwar kwamfuta, a 2007, ya kuma sanar da daina ƙera na'urar CD a 2009. Tun daga nan duk bayan 'yan shekaru sai ya fito da sabon fanel: Katalyst a 2016, wanda aka gina a kan ayisin AKM, sannan Organik a 2021, wanda kamfanin ya zana da kansa daga tushe ba tare da ayisin majuyi na kowa ba. Fitowarsa watanni kaɗan bayan gobarar Nobeoka dacewa ce kawai, don irin wannan aiki shekaru yake ci, amma dai ya nuna inda manyan kamfanonin suka dosa: kowa na so ya riƙe wuyan jakarsa da kansa. Abin da ya burge ni a tsarin Linn shi ne shirinsu na Renew. Idan an cire tsohon fanel daga na'urarka, ana iya sa shi cikin wani akwati mai sauƙi a dawo maka da shi a matsayin na'ura ta biyu, ka kai ɗaki ko ka sayar.

Masu wanke allo

Ayisin da ake saye a kasuwa kamar bugaggen littafi ne, abin da aka buga a ciki ya zauna ke nan. Amma akwai wani nau'in ayisi da ake kira FPGA wanda ya fi kama da allo: yana zuwa fari fat, injiniya ya rubuta tsarin da'irar da yake so a kai, in ya ga dama ya wanke ya sake rubutu. Kamfanin da ya gina matatarsa da lissafinsa a kan irin wannan allo zai iya canja halin na'urar da ke ɗakinka ta hanyar aiko maka da fayil kawai.

Wanda ya fi yin suna da wannan shi ne PS Audio da ke Boulder a jihar Kolarado. Majuyinsu DirectStream, wanda injiniya Ted Smith ya zana, ya fito a 2014 a kan kusan dala 6,000. Shekara bayan shekara kamfanin ya riƙa sakin sabuwar manhaja kyauta, kowace da sunan wani tsauni na Kolarado: Pikes Peak, Yale, Torreys, Huron, Redcloud, Snowmass, Windom, har zuwa Sunlight a 2021. Mai na'ura zai sauke fayil, ya sa a katin memori, ya zura, bayan 'yan mintuna lissafin cikin akwatin ya canja. Masu ita kan yi ta muhawara a kan wane tsauni ya fi daɗin ji, wasu ma su koma tsohon da suka saba da shi.

Sai dai allo yana da iyakar faɗi, kuma akwai abin da rubutu ba ya gyarawa. Manhaja ba za ta canja tiransifoma ba, ba za ta raba wutar ƙofar USB da ta sauran na'urar don hana dattin lantarkin kwamfuta shigowa ba. Da aka zo kan irin waɗannan, PS Audio sabon akwati ya fitar, DirectStream MK2, wanda dole a saya.

Chord Electronics na Ingila ma da FPGA yake aiki, amma tafiyarsa daban. Mai zana masa majuya, Rob Watts, ya ɗora komai a kan tsawon matata. Ka'idar lissafi ta Nyquist da Shannon ta ce za a iya dawo da sautin asali daidai daga awo-awon da aka ɗauka, amma cikakkiyar matatar da za ta yi hakan ba ta da ƙarshe, don haka kowa yanke ta yake yi a wani wuri. Ayisin kasuwa kan tsaya a matakan lissafi 'yan ɗaruruwa. Watts ya kai 26,368 a Hugo, ya kai 164,000 a DAVE, sannan ya haura miliyan ɗaya a M Scaler. Shi wannan na ƙarshen akwati ne na daban da ake jonawa a gaban majuyin da kake da shi. Ka ga sabuntawa ta uku ke nan: ba a buɗe na'urarka ba, ba a aiko maka fayil ba, an sayar maka da ƙari. Tsawon lissafin har yana jawo jinkirin fiye da rabin sakan kafin sauti ya fito, shi ya sa aka yi masa wani yanayi na musamman don kallon fim, kada baki ya riga murya.

Mudu arba'in da takwas

Kamfanin dCS da ke yankin Kambirij a Ingila ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don ya haɗa hanyoyin biyu, kuma dabararsa tana da kyau. An kafa shi a 1987, ya fara da aikin na'urorin rada, ya shiga kayan situdiyo, sannan ya fitar da majuyin gida na farko, Elgar, a 1996. Tsarinsa, Ring DAC, ya kauce wa matsalar babban dutse da ƙaramin dutse. A kowane ɓangare, hagu da dama, akwai maɓuɓɓugar wuta 48, dukkansu girma ɗaya.

Mu koma wajen mai hatsi. Yana da mudu 48, an ce duk ɗaya suke, amma ka san ba a rasa wanda ya ɗan lotsa da wanda ya ɗan buɗe. Idan kullum mudu goman farko yake amfani da su in an ce a auna goma, to kuskurensu zai riƙa maimaituwa a wuri ɗaya, kullum cuta ɗaya. A sauti, irin wannan kuskure mai bin sigina shi ne ke jirkita murya, kunne kuma yana saurin kama shi. Amma in duk awo sai ya canja waɗanda zai ɗauka, yau waɗannan goma, anjima wasu goman, sai lotsattsen da buɗaɗɗen su riƙa biyan bashin juna. Kuskuren bai ɓace ba, amma ya tashi daga jirkita sauti ya koma 'yar shuu marar tsari wadda ake iya turawa sama a tace. Manhajar da ke kan FPGA ce ke yanke shawarar waɗanne za a kunna, sau kusan miliyan 3 a sakan.

Tunda zaɓin a manhaja yake, dCS ya iya aika wa masu na'urorinsa sabon tsarin zaɓi da ya ninka saurin zuwa kusan miliyan 6, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Amma a 2022 ya fitar da APEX, wanda sabon fanel ne: an gyara wutar da ke ciyar da maɓuɓɓugan 48, an sake zana sashen fitar da sigina. Kamfanin ya ce jirkitar sauti ta ragu da fiye da desibel 12. Masu tsofaffin Vivaldi da Rossini an ba su damar mayar da nasu a canja fanel ɗin a kan kusan dala 9,000 a Amurka. Kuɗi ne mai yawa, amma Vivaldi tun 2012 yake kasuwa, kuma wanda ya saye shi a lokacin ya wayi gari bayan shekara goma da na'ura daidai da sabuwa fil.

To, kunne yana jin bambancin?

A nan ne ya kamata mu ɗauko alƙalami. Kowane bit yana ba da tazarar kusan desibel 6 tsakanin sauti mafi ƙarfi da shuu ɗin da ke ƙasa. Bit 16 ya ba da kusan 96, bit 24 a takarda ya ba da 144. Na ce a takarda domin babu na'urar da ta kai can. A bit 24, ƙaramin mataki bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba, alhali rezisto guda mai om 1,000 da ke ajiye a ɗaki, motsin da zafi ke sa ƙwayoyin lantarkin cikinsa yi kawai yana haifar da shuu da ya kai kusan rabin wannan kason. Halitta ce ta sa iyakar, ba ƙarancin kuɗi ba. Majuya mafi kyau a yau suna tsayawa wajen desibel 120 zuwa 130, kuma akwai na 'yan ɗaruruwan daloli da ke kai wa kusa da nan.

Yanzu ka ɗauka ka ƙure sauti har ƙololuwarsa ta kai desibel 105 a kujerarka, wanda ya isa maƙwabta su ƙwanƙwasa ƙofa. In dattin majuyinka yana desibel 115 ƙasa da haka, to yana ƙasa da mafi ƙanƙantar sautin da lafiyayyen kunne ke iya ji, ga kuma ɗaki mai tsit da kansa yana da hayaniyar kusan desibel 30. Rage wannan datti da wasu desibel 12 nasara ce ta injiniya wadda na'urar awo za ta tabbatar. Ko kunne zai tabbatar, wannan magana ce daban.

Binciken da aka yi a kan makamanciyar tambayar yana da ban sha'awa. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa gwajin da suka yi a Boston, inda suka riƙa sa wa mutane faifai masu bit da saurin awo sama da na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. A gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da jefa kwabo. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya sake lissafa su tare, ya samu cewa akwai ɗan bambanci na gaske amma ƙarami, kusan kashi 52 cikin ɗari, wanda ke ƙaruwa ga waɗanda aka horar. A lura, waɗannan gwaje-gwaje a kan nau'in fayil ne, ba a kan sabunta majuyi ba. Abin da suka koya mana shi ne girman bambancin da ake magana a kai a wannan mataki, da wahalar kama shi.

Sabuntawa kuwa ta fi kowane abu wuyar gwadawa. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan sakanni, alhali wanda ya aika na'urarsa masana'anta sai bayan makonni za ta dawo, tsohon fanel ɗin kuma ya tafi. Da me zai kwatanta? Ga shi ya biya kuɗi yana jiran jin canji. Ƙari a kan haka, in sabon fanel ya fi tsohon ƙarfi ko da rabin desibel ne, kunne ba zai ce "ya fi ƙara" ba, zai ce "ya fi fita tas". Shi ya sa masu gwaji na ƙwarai ke daidaita ƙarfin na'urori biyu har zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel kafin a fara. Ban ce duk masu cewa sun ji bambanci ruɗu suke yi ba. Canjin matata yana iya taɓa sautukan can sama, kuma sashen fitar da sigina yana iya yin tasiri a kan yadda majuyi ke zama da amfilifayar da aka jona masa. Amma shaidar mutum ɗaya bayan ya biya dala 9,000 ba ta isa hujja ba.

Ɓangaren da ke tsufa da gaske shi ne ƙofa. Lissafin juya lambobi ya kai inda ya kai tun shekaru, amma hanyar da lambobin ke isowa ba ta zama wuri ɗaya: jiya faifan CD, sai SACD a 1999, sai USB, sai manhajojin sauraro ta intanet da kowannensu ke da nasa sharaɗin. Majuyi mai kyau na shekara ashirin da suka wuce yana iya yin sauti lafiya lau amma ya kasa magana da wayarka. A nan tsarin fanel-fanel da allon FPGA ke biyan kuɗinsu ba tare da gardama ba.

Ko a nan ma akwai caca. A 2014 Bob Stuart na kamfanin Meridian ya gabatar da wani tsarin fayil mai suna MQA, manhajar Tidal ta rungume shi, kamfanoni da dama suka bi da sabunta na'urorinsu don su iya karanta shi, wasu ta manhaja, wasu da sabon fanel, wasu kuma irin su Schiit da Linn suka fito fili suka ƙi. A Afrilun 2023 kamfanin MQA ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, Lenbrook na Kanada ya sayi kadarorinsa a wannan shekarar, a Yulin 2024 kuma Tidal ta daina amfani da shi ta koma FLAC, tsarin da kowa ke iya amfani da shi kyauta tun 2001.